Aikin Soja Dole: 'Ya'yan Wa Za A Kwasa?

Kwanakin nan muna jin wasu manya na cewa a tilasta wa kowane matashi aikin soja, wai haka ake yi a ƙasashen duniya. To, mu duba ƙasashen.

A Koriya ta Kudu, namiji mai lafiya sai ya yi wata 18 a sojan ƙasa, har mawaƙan BTS da duk kuɗinsu ba a ɗaga musu ƙafa ba. Wannan adalci ne. Amma a Turkiyya mai kuɗi yakan biya, ya yi kamar wata ɗaya ya koma gida, talaka ya yi shida. A Eritiriya dokar 1995 ta ce wata 18, ga shi mutane na shafe shekaru ba sallama, matasa na tsallake iyaka suna gudu. Jamus kuwa ta dakatar da nata a 2011.

Wanne namu zai yi kama da shi? Mun san amsa. Bautar ƙasa da Gowon ya kafa a 1973 ma, ɗan wane ke zaɓar garin da za a tura shi. In dokar ta zo, yaranmu masu jiran shago da dako a kasuwa za a fara kwasa, na manya suna karatu a Ingila.

Kare ƙasa wajibi ne, ba mu musu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sanatoci su fara miƙa nasu, wallahi mu da kanmu za mu raka namu bariki. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.