Vittorio Storaro, mai rubutu da haske

Na sha tambayar ɗalibaina sunan wanda ya ɗauki hoton fim ɗin da suka fi so. Darakta kam sun san shi, jarumai kuwa har ranar aurensu sun haddace, amma da an zo kan mai kyamara sai aji ya yi tsit. Wannan shirun ne ya kai ni ga Vittorio Storaro, mutumin da ya shafe shekaru yana jayayya cewa mai ɗaukar hoto marubuci ne, haske ne alƙalaminsa, don haka yana da haƙƙi a fim kamar yadda darakta yake da shi.

An haife shi a birnin Rum a 1940, ɗa ga wani mai haska majigi a kamfanin Lux Film. Duniya ta san shi a 1970 da fim ɗin The Conformist na Bernardo Bertolucci, inda inuwar tagogi ke sauka a jikin mutane tamkar sandunan kurkuku, a labarin wani da ya miƙa wuya ga mulkin Mussolini. Daga nan ya ci kyautar Oscar har sau uku: da Apocalypse Now na 1979, da Reds na 1981, da The Last Emperor na 1987.

Na ƙarshen ne na fi komawa kansa. Storaro ya ɗauko ra'ayin Goethe cewa kowane launi yana da tasiri a zuciya, ya shimfiɗa rayuwar Puyi, sarkin Sin na ƙarshe, a kan launuka. Jinin da ya zuba lokacin da fursuna Puyi ya yanke jijiyar hannunsa shi ke mayar da mu ga jajayen ƙofofin yarintarsa. Rawaya launin sarauta ne. Kore kuwa, alamar ilimi, ya ɓoye shi sai da malamin yaron, Bature, ya shigo fada. Mai kallo ba lallai ya lura ba, amma jikinsa yana ji. Bayan shekara uku ya biyo Bertolucci har Nijar, inda aka ɗauki wani ɓangare na The Sheltering Sky.

Sai dai akwai inda na raba gari da shi. Ya ƙirƙiro wani ma'aunin allo da ya kira Univisium, faɗi ninki biyu na tsawo, don fim ya dace da silima da talabijin baki ɗaya. Shawara ce mai kyau, kuma yau shirye-shiryen Netflix da dama a kanta suke. Amma da aka zo fitar da Apocalypse Now da The Last Emperor a faifai, sai ya sa aka datse gefunan hoton don su shiga sabon ma'aunin. Ya ce aikinsa ne. Ni kuwa ina ganin hoton da jama'a suka kalla a 1987 ya riga ya fita daga hannunsa, kuma dakarun fadar da almakashinsa ya cinye a gefen allo, shi da kansa ne ya haska su.