Raddi Ga Mai Cewa Kiwon Namun Daji Gadon Nasara Ne

Zuwa ga Malam, maƙwabcina a wannan gari na Greensboro, wanda na sakaya sunansa saboda mutuncin da ke tsakaninmu. Ranar da muka haɗu a walimar suna, bayan an kwashe kwanuka an ɗora shayi, na ba da labarin yadda na kai yara gidan namun dajin da ke kan titin Lawndale, watau Greensboro Science Center, suka ga ƙaramar dorinar nan ta kurmin Laberiya wadda ta haihu a nan a 2023, dabba gajera mai ƙiba, fatarta na sheƙi kamar an shafe ta da man shanu. Sai Malam ya gyara zama, ya ce tara namun daji a keji ana sa su hayayyafa gadon 'yan mulkin mallaka ne tsantsa, bai kamata ɗan Afirka mai hankali ya kai kuɗinsa ƙofar wurin ba. Ban tanka ba a lokacin, domin Malam ya girme ni, kuma majalisar ba ta munazara ba ce. To, amma da yake maganar ta shiga kunnen samari, na ji tsoron kada shiruna ya zama yarda.

Cikin hujjojin da ya kawo a wurin, ta farko ita ce asali, kuma adalci ya wajabta mini in ce a nan ƙafarsa ta fi kafuwa, har ma zan ara masa makamin da bai ɗauko ba. A 1926 kamfanin taya na Firestone ya karɓi hayar ƙasa har eka miliyan ɗaya a Laberiya, na shekara 99, don shuka itacen roba. A 1927 kuwa mai kamfanin, Harvey Firestone, ya aika wa shugaban Amurka Calvin Coolidge kyautar wani namijin ƙaramar dorina da aka raɗa wa suna Billy, aka ajiye shi a gidan namun daji na Washington, kuma galibin irin wannan dabba da ke Amurka a yau zuriyarsa ne. Haka nan ƙungiyar da manyan maharban Ingila suka kafa a 1903 don kare namun dajin daularsu, wadda mutanen ƙasarsu da kansu suka yi wa shaguɓe da mahauta masu tuba, labarinta yana cikin littafin John MacKenzie, The Empire of Nature, na 1988, wanda Malam ya jingina da shi. Duk wannan ban musa ba.

Inda muka rabu shi ne, Malam ya yi ƙiyasi alhali akwai bambanci, kuma shi ya karantar da mu cewa idan illa, watau dalilin hukunci, ta saɓa, hukuncin asali ba ya ratsawa zuwa reshe. Abin da Nasara suka shimfiɗa dokar farauta ce, wadda ke fayyace wa aka yarje wa ya kashe, wa aka hana: yarjejeniyar da suka ƙulla a Landan a 1900 ta taƙaita amfani da raga da ramin tarko, watau kayan aikin talaka, ta bar mai lasisi da bindigarsa, bal ma ta lissafa zaki da damisa da kura da kada cikin muggan dabbobin da ake so a rage. Illar wancan hukunci ita ce keɓe wa kai daɗin harbi. Illar aikin mai kiwo a yau, wanda ke riƙe da littafin nasabar kowace dabba don kada a haɗa ɗa da uwa iri ya lalace, ita ce hana halitta ƙarewa. In da asali kaɗai ke haramta abu, da mun bar jirgin ƙasan da layinsa ya iso Kano a 1911 don kwashe amfanin gonarmu, da kuma ban rubuta wannan takarda da boko ba. Ko ita kyautar dabba don nuna isa, ai ɗabi'ar sarakuna ce tun kafin Nasara, domin Ibn Khaldun ya ruwaito cewa sarkin Kanem ya aika wa sarkin Tunis raƙumin dawa a 1257.

Hujja ta biyu, cewa Turawa ba sa yin haka sai da dabbobin wasu, jawabinta yana nan kudu da mu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, a gidan namun daji na jiha da ke Asheboro, inda ake kiwon jan kyarkecin Amurka. Wannan dabba tasu ce, su suka ƙarar da ita da bindiga da guba da sare daji, har a 1980 aka bayyana cewa babu ita a dawa. Daga guda 14 kacal da aka kama a gaɓar Teksas da Luwiziyana aka tayar da iri, a 1987 aka saki maza huɗu da mata huɗu a gandun Alligator River da ke gabashin wannan jiha. Sun yi yawa har suka haura 100, sa'an nan harbi da motoci da cuɗanya da dilan nan da suke kira koyote suka mai da su ƙasa da 20, kuma wasu masu gonaki na wurin suka yi ta kukan an ɗora musu dabba ba da shawararsu ba. Wannan kuka, in Malam ya lura, shi ne kukan manominmu na bakin gandun daji, sai dai a nan babu Gwamna Lugga a cikin zancen.

Ta uku ita ce da'awar cewa abin da ya shiga keji ba ya komawa gida. Mariri, wanda Buzaye ke yin garkuwa da fatarsa, ya ƙare a dajin Nijar da Chadi saboda farauta da mota da bindigar zamani, ga fari, ga yaƙi, har a 2000 aka sa shi cikin waɗanda suka gushe daga dawa. Daga waɗanda suka saura a gidajen kiwo na duniya aka tattara garke a Abu Dabi, kuma da hannun gwamnatin Chadi aka fara sakinsu a 2016 a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim. Yau sun kai ɗaruruwa suna haihuwa a sarari, a Disamba 2023 kuma aka cire su daga wancan babi. Da ba a tsare su a keji ba, me za a mayar?

Saura abin da Malam bai faɗa ba, alhali shi ya fi cancanta a faɗa. Kiwo a keji lalura ce, kuma lalura gwargwadonta ake ɗaukarta. Inda dabba ta saura a ƙasarta, tsare ta a can ya fi, kamar raƙuman dawan Kure, gabas da Yamai, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996, suka haura 600 suna yawo cikin gonakin mutane suna cin wakensu ba shinge ba keji, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji ta jihar Maraɗi. Ƙaramar dorinar Lawndale kuwa, haihuwarta ba za ta mai da itace ko ɗaya a kurmin Laberiya ba, kuma 'yan'uwanta da suka rage a dawa ba su kai 3,000 ba. Da Malam ya tambayi wa ke riƙe da littafin nasabar dabbobin Afirka, 'ya'yanmu nawa aka koya wa wannan fanni, kuma me maharbin da aka raba da dajinsa a Yankari tun 1956 ya samu a madadi, da ni ne farkon mai tsayawa bayansa.

Hukuncin da ya yanke na haramta aikin ɗungurungum kuwa, ban ga dalilinsa ba. Ina roƙon Malam ya ba ni ranar Lahadi guda mu tafi Asheboro tare, kuɗin ƙofa a wuyana, in kuma bayan ya gani yana nan kan bakansa, ya rubuto jawabi, zan karanta shi gaban samarin da suka ji maganar farko.