Riƙon Ɗa Bayan Saki

Akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a garin nan na Kaduna, daga Kawo har Unguwar Sarki. Mutum ya saki matarsa, da an yaye yaro sai ya aika a ɗauko shi, wai ɗa na uba ne. To, a wane littafi aka karanta wannan?

Mu Malikawa ne. Abin da ke cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid, uwa ita ce mai riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji. In uwar ta yi wani aure, riƙo ya koma ga kaka ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa. Kishiya kuwa ba a ambace ta ba. Abin da ke wuyan uba shi ne ci da tufafi gwargwadon ƙarfinsa, ko da yaron ba ya kwana gidansa.

Amma yau uba kan ƙwace yaro don gudun biya. In matar gida ta gaji da shi, a kawo mana makarantar allo da sunan karatu. Wallahi mun san su, su ne masu kukan dare.

Tun 2001 Jihar Kaduna ta kafa kotunan Shari'a, ga ta Magajin Gari nan kusa. Macen da ta kai ƙara ba rashin kunya ta yi ba, haƙƙin yaro take nema. Ina dai roƙon alƙalai su riƙa duba tsadar hatsi in za su yanka kuɗin wata, su kuma sa a biya ta hannun kotu.