Farfaɗiyar da ke ɓuya cikin barci, da gwajin da talaka ba ya samu

A watan Mayun 2022 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya, ciki har da Najeriya da Nijar, suka amince da wani shiri kan farfaɗiya da cututtukan ƙwaƙwalwa, da burin ƙara yawan masu samun kulawa da kashi 50 cikin ɗari kafin 2031. Hukumar ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 50 ne ke da cutar a duniya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwa idan aka gano ta aka ba da maganin da ya dace.

Gizo yana saƙar ne a wajen ganowar.

Ba kowace farfaɗiya ce ke kayar da mutum a kasuwa yana kumfar baki ba. Akwai wadda ke tasowa daga gaban ƙwaƙwalwa, kuma galibi cikin barci take zuwa: yaro ya zabura, ya yi ihu, ya riƙa shure-shure, cikin ƙasa da minti biyu ya lafa. A gidajenmu sunan wannan bugun aljanu, ko a haɗa shi da dannau. Likita ma yana iya ɗaukarsa firgitar dare, wadda takan fi daɗewa kuma takan zo a farkon dare, alhali farfaɗiyar kan maimaita kanta da siffa ɗaya, wani lokaci sau da yawa kafin asuba.

Abin kuma yana tafiya ta fuska biyu. Rashin isasshen barci yana tayar da farfaɗiya, haka ma toshewar numfashi da ke tare da minshari mai ƙarfi. Shi kuwa finobabiton, maganin da aka fi dogaro da shi saboda araharsa, kasala da gyangyaɗi yake jawowa.

Gwajin EEG na yau da kullum bai fi rabin awa ba, ana yin sa da rana, kuma sau da yawa ba ya nuna komai ko da cutar tana nan. Abin da ke raba gardama shi ne a kwantar da mutum dare guda, na'ura na naɗar aikin ƙwaƙwalwa da numfashi, kyamara na ɗauka. Wannan sai a 'yan tsirarun manyan asibitoci, ga tsada, ga matsalar wutar lantarki.

Kafin gwamnatoci su cika alƙawarin 2022, akwai abin da ke hannun iyali: wayar salula. Bidiyon abin da ya faru tun daga farkonsa, tare da rubuta lokaci da tsawonsa, yakan gaya wa likita abin da baki ba zai iya ba. Ya kamata ma'aikatun lafiya su koya wa ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi neman wannan bidiyon, domin ba kasafi yake buƙata ba.