Martani: Wa Ya Ɗora wa Kiristan Bukkuyum Idin Bukkoki?

Malam, na karanta rubutunka da ke cewa duk Kiristan da bai kiyaye Asabar da idodin Yahudawa ba ya kauce hanya. Da nauyi maganar, amma hujjarta fayau take.

An gama wannan gardama tun zamanin manzanni. A taron Urushalima, sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni, Bitrus da Yakubu sun ƙi ɗora wa waɗanda ba Yahudawa ba kayan Shari'ar Musa, kuma Asabar ba ta cikin 'yan abubuwan da suka gindaya. Ka ce Sarki Kustantin ne ya ƙago Lahadi a 321. Hutu ya kafa. Kiristoci sun riga shi taruwa ran Lahadi da ƙarni biyu da ɗoriya. Hadayun idodin kuma a ina za a yanka su, tunda Romawa sun rushe Haikali a shekara ta 70?

Idin Bukkoki, ɗaya daga cikin idodin nan, da kaka yake faɗowa. Manomin Bukkuyum da 'yan bindiga suka kora, yana kwana ƙarƙashin leda da 'ya'yansa, shi za ka ce ya kafa bukkar kwana bakwai?

'Yan Adbentis na Jengre suna ibadarsu ran Asabar, ba mai hana su. Kai ma yi taka, amma ka daina yanke wa na Lahadi hukunci.