Waƙoƙin Tinariwen da ke yawo ba suna a bakin iyaka

Makon jiya hidimar 'yan'uwa ta kai ni Riko, a ƙaramar hukumar Jibiya. Bayan la'asar cajin wayata ya ƙare, na kai ta rumfar masu caji, irin rumfar nan da ake haɗa caji da tura waƙoƙi da finafinai a memori. Ina zaune a benci sai yaron rumfar ya saki wani kiɗa a lasifika: jitar lantarki tana tafiya a hankali kamar takun raƙumi, ga tafi, ga amshi. Wasu direbobi biyu da ke shan shayi a gefe suka fara kaɗa kai. Na ce masa, "Yaro, waƙar wa ce wannan?" Ya ce, "Baba, kiɗan Buzaye ne. Direbobin da ke shiga Maraɗi sun fi tambayar ta." Na ce ya duba sunanta a kwamfuta. Ya duba, lamba kawai ya gani.

Na san waƙar. "Cler Achel" ce, ta ƙungiyar Tinariwen, daga faifansu na 2007 mai suna Aman Iman, wato ruwa shi ne rai. Tun ranar abin yake cina a zuciya. Waƙar da mutane suka yi shekaru suna so, suna biyan kuɗi a tura musu, ta zama marainiya a hannunmu, ba sunanta, ba sunan masu ita, balle abin da take faɗa.

Tinariwen jam'in kalmar tenere ce a harshen Tamashek, ma'ana hamada. Ƙungiyar ta fara haɗuwa ne wajen 1979 a Tamanrasset ta kudancin Aljeriya, cikin samarin Abzinawan arewacin Mali da fari da rikici suka koro daga gida. Jagoransu, Ibrahim Ag Alhabib, yana ƙaramin yaro aka kashe mahaifinsa a tawayen 1963 na yankin Kidal. Jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta. Duk lokacin da na tuna wannan sai Ɗan Maraya Jos ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa: shi ma maraya, shi ma da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya cika ƙasa. Daga Aljeriya samarin suka wuce sansanonin sojan Gaddafi a Libiya, kuma a can waƙoƙinsu suka fara shiga kaset. Babu kamfani, babu gidan rediyo. Mai kaset ya kawo, su rera masa, ya kwafa wa wani, wani ya kwafa wa wani, har ta ratsa Sahara. A Mali akwai lokacin da mallakar kaset ɗinsu ma laifi ne.

Ashe abin da yaron Riko yake yi da memori, shi aka yi da kaset shekaru arba'in da suka wuce. Ta wannan hanyar ce ake gane waƙar da mutane ke so da gaske. Tinariwen sun ci lambar Grammy a 2012 da faifan Tassili, sun buɗe wa Rolling Stones fage a ƙasar Ailan a 2007, sun hau dandali da Carlos Santana. Duk wannan abin alfahari ne. Amma direban da ke jiran layi a Magama kafin ya tsallaka Ɗan Isa bai san da zaman alƙalan Grammy na Amurka ba. Abin da ya sani shi ne waƙar da ke hana shi gyangyaɗi a hanya, wadda in ta ƙare yakan mayar da ita baya.

A iya sauraron da na yi cikin motoci da rumfuna, uku nake yawan cin karo da su. Akwai "Cler Achel" ɗin nan. Akwai "Chet Boghassa" daga faifan Amassakoul na 2004, mai zafin jita, wadda ta fito daga zamanin yaƙi. Sai "Sastanàqqàm" ta 2017, wadda samari suka fi kamawa saboda bugunta ya fi nauyi. Hamada mawaƙin yake yi wa tambaya a cikinta, kamar yadda mutum ke zaunar da tsohon amini.

Ni kuwa da za a ce in zaɓi ɗaya, "Matadjem Yinmixan" zan ɗauka. Ita ma daga Aman Iman take. Sunanta tambaya ce ga 'yan'uwan da suka tsani juna: me ya kawo wannan ƙiyayya a tsakaninku? Mutanen da suka rera ta sun san bindiga. Wasu daga cikinsu sun shiga tawayen da ya ɓarke a 1990, bayan sulhu kuma suka ajiye makami suka riƙe jita. Nasihar wanda ya ga gawar abokinsa daban take da ta wanda labari kawai ya ji. Yanzu mai karatu ya dubi ƙasar Jibiya. Ya tuna mata da yaran Shimfiɗa da suka kwararo gudun hijira cikin garin Jibiya a 2022 da ƙullin kaya a ka. Ya tuna gonakin da aka daina nomawa, da maƙwabtan da kakanninsu suka sha fura a ƙwarya ɗaya amma yau ba sa haɗa hanya. Wannan tambayar da mu take. Muna kaɗa mata kai a rumfar caji ba tare da mun san ana yi mana ita ba.

Abzinawa suna kiran wannan salon kiɗa assouf. Kalma mafi kusa da ita a Hausa ita ce kewa, irin kewar wanda ya bar gida ba da son ransa ba. Duk wanda ya kwana a ajin makarantar firamare yana tunanin rumbunsa da ya bari a ƙauye ya san assouf ko bai taɓa jin kalmar ba.

Na san za a ce waƙoƙin 'yan tawaye ne, me ya haɗa mu da su. Gaskiya ne wasunsu an yi su don zuga mayaƙa, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. To amma sanin tarihin ne ke bai wa mai sauraro damar tantance wadda zai riƙe da wadda zai ajiye. Kuma a tuna, lokacin da masu tsattsauran ra'ayi suka mamaye arewacin Mali a 2012 suka haramta kiɗa, waɗannan mawaƙan na cikin waɗanda suka sha wuya. A farkon 2013 'yan Ansar Dine sun kama ɗaya daga cikin makaɗan jitarsu, Abdallah Ag Lamida, kafin daga baya su sake shi.

Wani abin da ke ƙara damuna shi ne, kiɗan nan da hannunmu a ciki. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa da yanzu ake cika masa zauruka a Turai da Amurka, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran muryar nan ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ta wayoyin hannu waƙoƙin suka bazu har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya daga cikinsu, ya shiga neman mai ita. Ga Bombino na Agadas, ɗan Nijar na farko da aka sa cikin 'yan takarar Grammy da faifansa Deran na 2018. Ga Tal National na Yamai, waɗanda ke rera wasu waƙoƙinsu da Hausa tsantsa. Baƙo daga wata nahiya ya bi sawun waƙa har ya gano mai ita, mu da ke maƙwabtaka kuwa mun tattara su duka a buhu ɗaya mun rubuta masa "kiɗan Buzaye".

An rufe iyakarmu da Nijar a 2019, an sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Yamai. Tireloli sun tsaya, kasuwar Jibiya ta ji jiki, amma waƙoƙin nan ba su daina shigowa ba ko na yini guda.

Roƙona ga gidajen rediyonmu na Katsina: ku ware ko rabin sa'a a mako. Masu jin Tamashek da Hausa suna nan cikinmu, a kasuwa da bakin ƙofofin gidaje inda da yawansu ke gadi. Ku gayyato ɗaya, ku biya shi haƙƙinsa, a sa waƙa, ya faɗi sunanta da mai ita da abin da take cewa. Ku kuma 'ya'yana masu tura waƙa, daga Riko har Magama, in za ku zuba wa direba waƙa a memori, ku goge lambar nan ku rubuta sunan mai ita.