Mudun Auna Wuta

A kasuwar Wurno babu mai sayen shinkafa ko tafarnuwa bai ga an auna ba. Amma mutumin da zai ɓata rabin hantsi yana jayayya a kan cikar mudu, shi ne zai ƙirga kuɗin albasarsa na shekara ya sayi batirin sola, bai san abin da ke cikinsa ba sai abin da mai shago ya faɗa. Na daɗe ina lura da wannan, ban ɗauke shi da nauyi ba sai da ya shigo gidanmu.

Ɗan yayata yana da shagon cajin waya a Maikujera, cikin ƙasar Rabah: faranti biyu na sola a kan rufi, batir ɗaya, da ƙaramar inbata. A bazarar da ta wuce ya kira ni, murya a sanyaye. "Kawu, tun kafin isha'i wuta take ɗaukewa, mutane sun fara kai wayoyinsu wani wuri." Ya riga ya yanke hukunci cewa farantan ne suka mutu, har ya fara neman bashin sababbi. Na ce ya dakata. Ranar Asabar na tafi da na'urar awon wuta, wadda sunanta maltimita, masu gyara kuwa mita kawai suke ce mata.

Da rana tsaka muka cire wayar kowane faranti muka auna, ya ba da bolt 21, daidai abin da ake tsammani. Sai batir. Irin wannan batir mai bolt 12 ɗakuna shida gare shi, kowane yana ba da kamar 2.1, saboda haka idan ya cika ya huta sai ya nuna 12.6, idan ya sauka 12.2 ya kai rabi. Nasa, bayan wuni guda a caji, 10.5 ya tsaya. Ɗaki ɗaya ya mutu. Awon da bai kai minti biyar ba ya hana yaron nan cin bashi a kan abin da lafiyarsa ƙalau.

Na'urar ba sabuwa ba ce. Tun 1923 aka fara sayar da ita a Ingila da sunan Avometer, bayan wani injiniyan gidan waya, Donald Macadie, ya gaji da ɗaukar na'urori daban-daban. Yau ta cika shagunan Sakkwato, kuma nan matsalar take, domin ba kowace ce ta cancanci a riƙe ba.

Abin da na fi dubawa ba yawan lambobin jikinta ba ne, fis ɗin cikinta ne. Kuskuren da kowa ke yi, ni ma na taɓa yi, shi ne a auna ampiya a manta jan tsinken a ramin 10A, sannan a soka a soket mai bolt 230. A lokacin na'urar ta zama waya ƙwaya ɗaya da ta haɗa wuta kai tsaye. Mai fis na kirki sai fis ya ƙone, a canza. Ƙananan nan masu araha, da yawansu ramin ba shi da fis ko kaɗan, har an rubuta haka a jikinsu da ƙananan baƙaƙe; su a hannun mutum suke fashewa. A nemi alamar CAT III 600V ga wanda zai taɓa akwatin wutar gida. CAT II ta wadatar ga kayan da ake jonawa a soket. Sai dai buga alama ba ta da wuya, shi ya sa nake sa a buɗe mini bayanta in ga fis ɗin da idona.

Mai inbata mai arha ya nemi wadda aka rubuta wa True RMS, domin wutar irin wannan inbata ba sumul take fitowa ba, mita ta gama-gari kuma sai ta yi ƙarya a kanta. Masu haɗa famfon sola a fadamun Goronyo su sayi mai baki kamar ƙaguwa, wadda ake maƙala wa waya, amma su tabbata tana auna ampiyar DC; da yawa AC kaɗai suke ji. Ƙarar nan da take yi idan waya ba ta tsinke ba, wannan kam dole ce. Sauran, irin su awon zafi, ado ne.

Abu ɗaya kuma: idan batirin cikinta ya yi sanyi, wasu sukan nuna lamba fiye da gaskiya. Da alamar ta fito a canza shi.

Ɗan yayata ya sayi tasa. Da ya koma sayen batir, sai ya tafi da ita da ƙwan fitilar mota, domin na gaya masa mataccen batir ma yakan nuna lamba mai kyau idan ba a ɗora masa kaya ba. Ya jona ƙwan, ya zuba wa lambar ido. Na farko da na biyu suka zube nan take. Mai shagon ya ɓata rai, ya shiga ciki ya fito da na uku.